Talatin Ba Ɗaya

Ranar Lahadi

Zuwa ga maigidana, Baban Biyu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya aiki, yaya sanyin dutsen nan naku? Yaya ƙafar da ta gurɗe? Ka ce ta warke, amma na san halinka, ko rabewa biyu ta yi cewa za ka yi ta warke. Mu nan lafiya lau muke, sai kewarka. Direban kamfaninku ya kawo takardarka ranar Alhamis, ya ce jibi zai koma, shi ya sa na zauna rubutu. Har yau ina mamakin yadda za a tara injiniyoyi ɗari suna gina madatsar ruwa, a rasa mutum ɗaya da zai kafa muku ƙarfen waya.

'Yan biyu suna gaishe ka. Babbar ta fitar da haƙorin gaba, ƙaramar ta wuni tana jijjiga nata tana kuka wai an yi mata wayo.

Sau uku ka tambayi lafiyar Baba a takarda ɗaya. Ka kwantar da hankalinka, amanar da ka bar mini tana nan. Mahaifinka lafiyarsa ƙalau, kullum yana shagonsa na bayan gida yana goge katakon da ba wanda ya sa shi. Maganin hawan jininsa kuwa kowace safiya ina ajiye masa a gefen kofin shayi, ba na fashi.

Ga labari ma, na kai shi wurin aikinmu! Ka sha ce mini ba ka gane aikina ba, wai wuni nake ina kallon tsutsa a kwamfuta. To yau sai ka karanta, tunda ba ka da wurin gudu.

Muna nazari ne a kan tsofaffin da suka samu shanyewar ɓarin jiki. Mutum zai kwanta cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, a ba shi ƙwallon roba a kowane hannu. In fitila ta kama a dama ya matse na dama, in ta kama a hagu ya matse na hagu, sau ashirin-ashirin. Duk sanda ya matse, jini yakan ƙaru a ɗan wurin da ke juya wannan hannun a cikin kai, na'ura kuma tana ɗauka bayan kowace daƙiƙa biyu. Aikina shi ne in je wannan ɗan wurin in ciro abin da ya faru daƙiƙa bayan daƙiƙa, in mai da shi layi. Layin yakan hau, ya kai ƙarshen hawansa wajen daƙiƙa biyar, sannan ya sauko. Na mutum ɗaya ba shi da kyan gani, karkarwa yake kamar rubutun 'ya'yanka. Sai na tara na mutum talatin na ɗauki matsakaicinsu, karkarwar wannan ta cinye ta wancan, sannan ka ga tudu ya fito sumul. Tudun marasa lafiya daban, tudun masu lafiya daban, a ɗora su a ga bambanci. Ka ga tsutsar ke nan.

To masu lafiyar ne suka yi mana ƙaranci. Talatin muke nema waɗanda suka haura shekara sittin da biyar, muka tsaya a ashirin da 'yan kai. Farfesa, shugaban sashenmu, ya ce kowa ya duba gida. Ina faɗa wa Baba ya miƙe ya nemi rigarsa ta fita, kai ka ce ɗaurin aure za shi.

Da an ba ka labarin abin da ya yi da ka yi dariya har cikinka ya ƙulle. Ba a shiga ɗakin na'urar da ƙarfe, sai aka ce ya zazzage aljihu. Ƙusa bakwai, awo, ɗan guntun zarto, ga fensir a bayan kunne. Da ya kwanta a gadon na'urar sai ya tashi zaune ya shafa gefensa, wai gadon ba daidai yake ba, ya karkata hagu da kaurin yatsa, kuma a faɗa masa wane kafinta ya haɗa shi. Mai na'urar, wani mutum shiru-shiru da ke rubuta komai a littafinsa ko tari mutum ya yi, sai da ya ajiye biro ya dara, sannan ya rubuta wannan ma.

Minti arba'in ya yi a ciki bai motsa ba. Da ya fito ya tambaye ni me na gani. Ka san Likita yake kirana, na gaji da cewa ni ba likita ba ce, mai lissafi ce, har na haƙura. Likitan gaske ya duba hoton kan, ya ce babu ƙari, babu tabon tsohon ciwo. Sai na ce wa Baba lafiya lau, kansa ya fi na samari. Tun ranar ba mu huta ba. Duk abokinsa da ya leƙo shago sai ya ji cewa surukarsa ta leƙa cikin kansa da injin gwamnati ta ga babu ko ƙura.

Kada ka ce in nuna maka layinsa in ka dawo, don ni ma ban san shi ba. Kafin hotuna su iso wurina an cire sunaye an sa lambobi, takardar da ta haɗa suna da lamba kuwa tana kulle a kabad ɗin Sista, babbar ma'aikaciyar jinyar sashenmu. Haka dokar aikin take. Shekaranjiya dai na haɗa matsakaicin masu lafiya, tudun ya fito kyakkyawa, har Farfesa ya ce in buga masa a takarda ya manna a ofis.

Ka riƙa sa rigar sanyi ko da rana. Ka gai da abokin ɗakinka mai minshari. Baba yana sa maka albarka.

Taka har kullum,
Maman Biyu


Ranar Laraba

Baban Biyu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya jiki? Na samu takardarka da hoton da ka sako, ka rame. 'Yan biyu lafiya, sun manna hoton a jikin firij.

Wata bakwai ke nan ina rubuto maka labarin makaranta da famfo da maƙwabta. Wannan ba irin su ba ce. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, kuma don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Ka tuna na ce mun aika sakamakon bincikenmu ga wata mujalla. Su kan ba wani masani da ba mu san shi ba ya duba. Ranar Litinin amsarsa ta zo, tambayoyi goma sha ɗaya, ta ƙarshen 'yar ƙarama ce. Ya ce a cikin bayani mun rubuta masu lafiya talatin, amma a ƙarƙashin hoton matsakaici an rubuta ashirin da tara, ina ɗayan ya shiga?

Na san amsar, ko dubawa ban yi ba. Shekara uku da suka wuce na sa wani mataki a manhajar da nake aiki da ita. Duk layin da ya yi nisa da 'yan'uwansa sosai, ita da kanta za ta ɗauke shi ta ajiye gefe kafin ta haɗa matsakaici. Ba ni na ƙirƙiro ba, kowa a sana'armu haka yake yi, don galibi mai irin wannan layin ko dai ya motsa kai ne, ko barci ya ɗauke shi a cikin na'ura, in aka bar shi sai ya ɓata na sauran. Ni na buɗe jakar da ake zuba su a kwamfuta, ni na raɗa mata suna Shara. Ba na buɗe ta. Ranar da na haɗa tudun nan na ga ashirin da tara da idona, wallahi har daɗi na ji, na ce mutum ɗaya kacal muka rasa.

Sai na buɗe don in rubuta wa masanin dalili. Lamba ashirin da uku. Ina sa ran in ga layi mai tsalle-tsalle irin na wanda ya motsa kai, sai na ga ba haka ba. Layin hannun dama lafiyayye, ya ma fi na mutane da yawa tsayi. Na hannun hagu kuwa ya makara da daƙiƙa huɗu, kuma da ƙyar ya ɗaga. Na ce ko kuskure ne, na warware shi ɗaya bayan ɗaya. Sau ashirin ya matse, sau ashirin layin ya makara, iri ɗaya. Na duba abin da ƙwallon ya naɗa, ko sau ɗaya mutumin bai yi fashi ba, ba barci yake ba. Ƙwaƙwalwar tana neman jini, jinin ba ya isowa a kan lokaci. Ni ba likita ba ce, amma shekara tara ina kallon layukan nan. Babbar jijiyar wuya da ke kai jini ɓangaren dama na kai ta tsuke. Irin wannan ba ya fitowa a hoton da likita ya duba, a layin yake fitowa, layin kuwa ni kaɗai yake biyowa ta hannuna.

Na ce wani bawan Allah yana can yana yawo da wannan a wuyansa wata bakwai, mun sallame shi da sunan mai lafiya. Na kai wa Farfesa. Ya duba layin, sannan ya cire tabarau ya ce a cika takarda zuwa ga kwamitin da ke kula da ƙa'idar bincike, in sun amince Sista ta buɗe kabad a nemi mutumin. Kwamitin sai nan da mako biyu zai zauna. Na ce mako biyu fa, ranka ya daɗe? Ya ce abin da ya jira wata bakwai zai jira mako biyu. Ban ga laifinsa sosai ba, doka ya bi.

Ban taɓa kabad ɗin Sista ba, kada ka zaci haka. Wurin mai na'ura na sauka, na ce ya ara mini littafinsa in ga ko ya rubuta cewa lamba ashirin da uku ya motsa. Da lamba yake rubutu shi ma, ba suna. Na buɗe shafin. Ya rubuta cewa bai motsa ba ko kaɗan, ya bi umarni sarai, amma ya ce gadon ya karkata hagu, yana tambayar kafintan da ya haɗa shi.

Baban Biyu, a ƙasa na zauna, a tsakiyar ɗakin, mai na'ura yana tambayata ko jiri ne.

A cikin motar haya komai ya riƙa dawo mini. Kofin da ya suɓuce masa sau biyu a wata guda. Maɓallin rigar da ya ce ramin ne ya yi ƙanƙanta. Ranar da ya shigo yana yarfa hannu yana cewa hannun ya yi barci, na ce masa shekaru ne, Baba, har na tsokane shi. Duk hannun hagu ne. Ina kallo da idona a gida, ina da shi a rubuce a ofis, ban haɗa su ba.

Akwai wanda ya fi wannan. Da na isa gida yana wurin maƙwabci, sai na shiga shagonsa neman katin asibitinsa. A aljihun teburin da yake ajiye ƙusoshi na tarar da ƙwayoyin hawan jini, cike da gwangwanin madara. Na zube su na ƙirga, sun kai na wata biyar. Kullum ina ajiye masa a gefen shayi, kullum ina ganin wurin wayam, ashe aljihu yake sa su don kada in ji ba daɗi. Da ya dawo na tambaye shi a hankali. Ya yi 'yar dariya ya ce ai Likita da kanta ta leƙa ta ce lafiya lau, me zai yi da maganin marasa lafiya, ga shi yana sa shi yawan fitsari.

Na lallashe shi ya koma sha, a gabana yake haɗiyewa yanzu. Na kuma sama masa ranar ɗaukar hoton wuya a asibiti, Alhamis ta sama, ita ce mafi kusa da suke da ita. In an ga tsukewar akwai aikin da ake yi a buɗe ta, mutane suna warkewa. Ina gaya wa kaina wannan sau ɗari a rana.

Ban faɗa masa abin da na gani ba tukuna. Kai na fara faɗa wa. Ka yi mana addu'a, kuma in kana da abin da za ka faɗa mini ka faɗa, na cancanta.

Matarka,
Maman Biyu


Ranar Juma'a

Baban Biyu,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Ban san ko waccan takardar ta iso ka ba. Wannan na kai ta ofishin kamfaninku da kaina, na roƙe su su tura mota ta musamman.

Baba yana asibiti. Yana da rai, yana numfashi da kansa, yana gane mutane. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ka nemi izini ka taho.

Zan faɗa maka yadda aka yi, don kada ka ji a bakin wani an gyara mini shi.

Bai je hoton wuyan ba ranar Alhamis. Daren Laraba ban ce komai ba, da safe na same shi a shago na durƙusa na ce akwai wani ɗan gwaji da za mu koma. Ya tambaya ko wani abu ne. Nan ne ya kamata in buɗe baki in ce Baba na yi kuskure, abin da na faɗa maka ba haka yake ba, akwai haɗari a wuyanka. Kalmomin suna bakina. Na ɗaga kai na ga yadda yake kallona, irin kallon nan da yake yi mini tun ranar da ka kawo ni gidan nan, kamar ban taɓa faɗin abin da ba daidai ba. Sai na ji bakina yana cewa a'a, ba komai, na wurin aiki ne kawai, cike takarda ne.

Sai ya ce to in na wurin aiki ne su yi haƙuri zuwa mako mai zuwa, ya yi wa maƙwabci alkawarin ƙofa, saura fenti da ƙarfen rataya. Na ce to. Wallahi to na ce! Na fita na kira asibiti na ɗaga ranar da mako guda. Na ce a raina ai yana shan magani yanzu, kwana bakwai ba wani abu ba ne. Maganar da na ji haushinta a bakin Farfesa ita na maimaita wa kaina, ko kunya ban ji ba.

Ranar Talata da hantsi maƙwabcin ya zo ɗaukar ƙofarsa, ya tarar da shi kwance tsakanin teburi da bango, burushin fenti na hannunsa na dama. Ba wanda ya san tsawon lokacin da ya yi a wurin. Ina ofis, 'yan biyu suna makaranta. Likitoci sun ce da an kawo shi cikin awa huɗu akwai allurar da za su yi, amma tunda ba a san sanda abin ya fara ba, ba za su yi kasada ba. Fentin ƙofar ya riga ya fara bushewa.

Sun yi hoton wuyan a ranar, minti goma sha biyar ya ɗauka. Jijiyar dama ce, kamar yadda layin ya nuna. Likitan ya tambaye ni ko ba mu taɓa ganin wata alama ba. Yayarka tana tsaye a gefena, ta riga ni amsawa, ta ce ina, ai wannan yarinyar ba ta wasa da Baba, ko wata takwas ba a yi ba ta kai shi aka duba kansa. Ta riƙe hannuna tana sa mini albarka a gaban likita. Ban gyara mata maganar ba.

Kuskuren farko ina iya cewa na sana'a ne, kowa yana zubar da layi. Na biyun nawa ne ni kaɗai, kunya ce da son a ci gaba da ganina da daraja. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi.

'Yan biyu suna gidan yayarka. Ni ina wurinsa. Ka taho.

Maman Biyu


Ranar Talata

Maigidana,

Gaisuwa da fatan ka tashi lafiya. Yaya gajiyar jira? An ce ruwa ya cinye hanyarku, sai Asabar mota za ta iya fitowa. Allah ya kawo ka lafiya.

Na ga amsarka. Layi biyu, ka ce takardun biyu sun iso tare, kana tafe, a kula da Baba. Ba ka kira ni da sunan da ka saba ba, ba ka tambayi lafiyata ba. Na juya takardar ko akwai wani abu a baya. Ban yi ƙorafi ba, na dai gani.

Ina rubuto wannan ne don in shirya ka, don ba irin ciwon da ka zata za ka tarar ba. Hannu da ƙafa ba sa motsi, bakin ya ɗan karkace, wannan ka sani. Abin da ba ka sani ba shi ne, a wurin Baba yanzu hagu babu ita. Ba makanta ba ce, idonsa lafiya. Wurin da ya mutu a cikin kan shi ne mai lura da duk abin da ke hagu. In an kawo abinci sai ya cinye rabin faranti na dama tas, ya ce an yi masa rowa, sai na juya farantin ya ga sauran ya yi mamaki. Jiya na ba shi tsumma ya goge fuska, ya goge rabi ya miƙo mini. Ya ce wa mai jinya a ɗauke hannun mutumin da aka bari a gadonsa, yana damunsa da nauyi. Hannunsa ne.

Kuma bai yarda ba shi da lafiya ba. Likita ya ce haka ciwon yake, ba taurin kai ba ne. Kullum da safe yana neman takalmansa wai zai je ya rataya ƙofa. In ka shigo ka tsaya ta damansa, wajen taga. In ka tsaya ta hagu, wajen ƙofa, zai iya jin murya sama-sama amma ba zai juyo ba, ba kuma zai riƙe abin da ka ce ba. Kada ka ɗauka fushi yake da kai.

Na leƙa ofis sau ɗaya. Kwamiti ya zauna, ya amince a buɗe kabad a nemi mai lamba ashirin da uku a ba shi shawarar ganin likita. Sista ce ta kawo mini takardar da kanta, ta ajiye ta fita ba ta iya kallona ba. Amsar da muka ba masanin mujalla kuwa jimla ɗaya ce, wai an ware mutum ɗaya saboda layinsa ya saɓa wa na sauran. Farfesa ya rubuta, ya ce in duba ko daidai ne. Na ce daidai ne.

Farfesan ya zo asibiti gaisuwa da lemo a leda. A baranda ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya fito da ita. Wai a duk duniya da wuya a samu mutumin da aka ɗauki layinsa kafin ciwo ya same shi, in za a sake sa Baba a na'ura yanzu, wannan karon cikin rukunin marasa lafiya, abin da za a koya zai iya ceton wasu. Ya ce kuma daga yau kowane layi sai an kalle shi da ido kafin a ware shi. Na so in watsa masa lemonsa a fuska. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Na ce masa ba ni da bakin magana a kan Baba kuma, ɗansa yana tafe, shi za a tambaya.

Kafin in bar ofis na yi wani abu da ban san dalilinsa ba. Na ciro tsohon layin nan daga jakar, na ɗora shi a kan na marasa lafiya. Ya shige tsakiyarsu ya zauna, ba ka iya ware shi. Na kashe kwamfutar na fito.

Yayarka har yanzu ba ta sani ba. Kullum sai ta kawo mini abinci ta ce in ci kada in faɗi. Na bar maka wannan, in ka ce in faɗa mata zan faɗa. In ka ce in koma gidanmu na ɗan lokaci ma zan koma, ba zan yi gardama ba, sai dai ina roƙonka ka bar ni in yi jinyarsa tukuna, don ya saba da hannuna, ba ya karɓar magani a hannun kowa sai nawa.

Saura abu ɗaya. Ka tambayi kanka, na sani, ko na faɗa wa Baba gaskiya. Na faɗa masa. Sau uku na faɗa masa, tun daga jakar har zuwa ranar Alhamis ɗin nan, ban rage komai ba, na nemi gafararsa ina kuka. Amma duk sau ukun ta hagunsa na tsaya, wajen ƙofa. Yana kallon taga, bai juyo ba. Da na gama sai in share fuska in zagaya ta dama, ya gan ni ya washe rabin baki ya ce Likita ta zo, yau za a sallame shi ko?

Taku huɗu ne daga wannan gefen gadon zuwa wancan, na kasa yin su da maganar a bakina. Ranar Asabar in ka iso, kafin ka ce mini komai, ka riƙe hannunsa na dama ka tsaya wajen taga. Zan zo in tsaya kusa da kai in faɗa masa a inda zai ji. Ko ba ka yafe mini ba, don Allah kada ka fita daga ɗakin sai na gama.

'Yan biyu suna gaishe ka, suna ƙirga kwanaki. Allah ya tsare hanya.

Matarka,
Maman Biyu